Malama Tambaya da Mutanen Bakin Kogi

Yayata ce, uwa ɗaya uba ɗaya, amma ni ma wani lokaci bakina kan kufce in kira ta Malama Tambaya, sunan da rabin garin nan ya san ta da shi. Ba ta taɓa koyarwa a aji ba. Aikinta shi ne ta shiga gidajen mutane ta zauna, ta yi musu tambayoyi, ta kai amsoshin cibiyar binciken zamantakewa ta jami'a, inda ake tattara su a fitar da rahoto. Tun muna yara haka take. In ka dawo daga aike sai ta tsare ka: wa ka gani, me ya ce, yaya fuskarsa take da ya faɗa?

Ta fara aiki ne a ɗakin kati na wani ƙaramin asibiti. A can Dokta ya same ta, wani dogon malamin jami'a mai fama da gyambon ciki, da ya zo binciken abin da ke hana mata masu ciki dawowa awo. Ya lura matan da suka karɓi katinsu ba sa barin tagarta sai sun gama zayyana mata damuwarsu. Ya ɗauke ta aiki, ya kuma zaunar da ita ya koya mata abin da ba ta sani ba: kada ta sa wa mutum magana a baki, kada ta nuna wace amsa take so, kada ta rubuta sunan kowa. Abin da ya fi nanatawa shi ne alkawari.

"Mu ba gwamnati ba ne," in ji shi. "Mu masu kai saƙo ne. Ko an riƙe miki ƙafa, kada ki ce wa kowa za a yi masa kaza."

Ta yi shekaru tana wannan aiki. Ta bi yaran da suka bar makaranta, ta bi matan da ke kwana a layin famfo, ta bi direbobin bas. Jakarta baƙa ce mai dogon hannu, ciki da rakoda da takardun tambayoyi da takalmin roba na canji. In ta dawo da yamma sai ta tsoma ƙafafunta a bahon ruwan ɗumi, ta shiga tambayar mijinta yadda ya wuni. Shi kuwa mai gyaran fanka ne da dutsen guga, Injiniya muke ce masa don tsokana, kuma ya karɓi sunan hannu bibbiyu.

"Ni ne mutumin da aka fi bincika a ƙasar nan," yakan ce mini, "kuma har yau ba a fitar da rahotona ba."

Aikin da ya canja ta shi ne na unguwar bakin kogi. Kowace damina ruwa kan shiga unguwar, ya kwanta a ɗakuna, wani lokaci ya tafi da rai. Gwamnati ta yanke shawarar gina rukunin gidaje a kan tudu, can bayan gari, ta kwashe mutanen kashi-kashi. Ma'aikatar gidaje ta nemi cibiyar ta binciko yadda za a yi ƙaurar ba tare da rikici ba. Yaya ta yi murna ƙwarai. Sau da yawa su ne ke bin ma'aikatu da rahoto a hannu ana ce musu a dawo gobe. Wannan karon gwamnati ce da kanta ta ce a zo a gaya mata.

Ta shiga unguwar lokacin da ruwa ke janyewa, ba ta fito ba sai da rani ya yi nisa. Ta ba ni labarin ɗakunan: gadaje a kan bulo, akwatuna a rataye, shatin ruwa a bango ya kai ƙirjin mutum, da warin katifar da ta jiƙe ta bushe ta sake jiƙewa. A wani matsattsen lungu ta saba da Goggo mai wanki, tsohuwa mai ƙarfin hannu da ke wanke wa wani otal zannuwan gado tare da matan lungun. Katangarta ɗaya da Baba mai rediyo, wanda idonsa ya mutu har ya daina gyaran, ga ciwon suga, ba mata ba ɗa a kusa. Goggo ke miƙa masa abinci ta kan katanga. Surukarta, mai aikin shara a asibiti, ita ke yi masa allura kafin ta fita. Shi kuma ya wuni a bakin ƙofa yana tsaron yaran lungun da kunne, ya san muryar kowanne, in ɗaya ya nufi kogi sai ka ji ya daka masa tsawa.

Ranar da Yaya ta kunna wa Goggo rakoda, tsohuwar ba ta daina matse zanen da ke hannunta ba.

"'Yar nan, ni ba na ƙin tashi. Wa ke son kwana a kan bulo? Amma in za a ɗauke mu, a ɗauke mu da lungunmu. Ki gaya mini, za a ajiye ni kusa da Baba?"

"Goggo, ba ni ke rabon gida ba. Abin da na sani, maganarki za ta isa kunnen masu rabon."

"To shi ke nan, tunda ke kika faɗa."

Yaya ta ce a ranar ta ji maganar ta ɗan tsaya mata a rai, amma ta duba ta ga ba ta yi alkawarin komai ba, sai ta wuce gida na gaba.

Da aka tattara amsoshin, Dokta da ɗalibansa suka zana unguwar a kan babban allo, suka ja layi daga kowane gida zuwa gidan da yake dogaro da shi wajen reno, jinya, aron kayan aiki ko neman abin yi. Allon ya cika da layuka har ba a ganin farinsa, kuma yawancinsu gajeru ne, daga ƙofa zuwa ƙofar kusa. Ma'aikatar ta ɗauka mutanen taurin kai zai hana su tashi. Binciken ya nuna akasin haka: mafi yawansu a shirye suke. Abin da suke tsoro nisa da wurin aiki, sai kuma a raba su da juna. Rahoton ya ce a sa bas tun kafin motar kaya ta farko ta tashi, a buɗe ɗakin shan magani, a kuma kwashe mutane lungu-lungu, maƙwabci kusa da maƙwabcinsa.

Dokta ya tafi da Yaya ranar gabatarwa. Ɗakin taron sanyi kamar cikin firji, dogon tebur, robobin ruwa a jere, majigin ya ƙi kamawa sai da aka kira wani ya daddanna shi. An saurare su da kyau. An yi tambayoyi masu ma'ana. Babban Sakatare ya ce irin wannan aiki ake so, aka tafa. Ta dawo gida tana ta fara'a, har ta yi wa Injiniya tsarabar robar ruwan da ba ta sha ba.

Bayan wasu watanni aka sanar a rediyo cewa za a raba gidajen ta hanyar ƙuri'a, kowane magidanci ya sa hannu ya zaro lambarsa. Dokta ya garzaya ma'aikatar, Yaya na biye da shi. Daraktan tsare-tsare ya karɓe su a ofishinsa, fayil-fayil sun taru har kan kujerun baƙi, sai da ya kwashe suka sami wurin zama. Mutum ne mai natsuwa, kuma ya karanta rahoton, don ga shi nan a gabansa duk ya sha jan biro.

"Dokta, bas mun sa. Ɗakin magani yana cikin kasafi. Amma lungu-lungun nan, wa zai ce ga inda lungu ya fara ga inda ya ƙare? Tun da maganar ta fita, babu mai ɗan muƙamin da bai turo mini mutanensa ba, kowa ya zama ɗan lungun da za a ba gidajen bakin titi. In na bi taku, gobe a ce na sayar da gidaje. Ƙuri'a ba ta san ɗan kowa ba."

"Ba ta san maƙwabcin kowa ba kuma," in ji Dokta.

"Na sani. Amma rahotonku ya gaya mini abin da ya kamata, bai gaya mini yadda zan yi shi in tsira da mutuncina ba."

Yaya ta ce daga nan suka yi sallama suka sauko daga bene. Sai a bakin mota Dokta ya ce, "Yana da gaskiya. Wannan tambayar ba mu yi ta ba."

Aka yi ƙuri'a, aka yi ƙaura. Gidajen masu kyau ne, ba laifi: ɗaki biyu da falo, siminti, famfo a tsakar gida, layuka a miƙe duk kama ɗaya. Goggo ta faɗa can farkon rukunin. Baba mai rediyo ya faɗa ƙarshensa, kusa da tankin ruwa, tafiyar da ko mai ido sai ya huta a hanya. Matan wankin suka watsu, aikin otal ya kuɓuce musu domin babu mai haɗa kansu da asuba. Surukar Goggo ta yi ta ƙoƙarin zuwa yi wa Baba allura kafin bas ɗin farko, wata rana ta samu, wata rana ta makara.

Ina gidan Yaya wata Asabar da hantsi, muna tsince shinkafa, wayarta ta yi ƙara. Goggo ce. Ina jin muryar daga inda nake.

"Malama, na ce bari in gaya miki, tunda ke mai rubutawa ce. Baba ya rasu. Faɗuwa ya yi a banɗaki. Ni zazzaɓi ya kwantar da ni, yarinyar nan surukata kuma an sa ta aikin kwana. Maƙwabtansa ba su san shi ba, da suka ga ƙofa a rufe sun ɗauka tafiya ya yi. Da aka ɓalle ƙofar yana da sauran numfashi, amma bai kai asibiti ba. Ki rubuta."

Goggo ta kashe wayar. Yaya ta zauna da tiren shinkafar a cinya, ba ta yi kuka ba. Na karɓe tiren daga hannunta.

Daga ranar ta canja. Abinci sai an matsa mata. Jininta ya hau har aka ɗora ta a kan magani. Ta daina tambayar kowa komai, abin da ya fi tayar wa Injiniya hankali ke nan. Ya same ni a ƙofar shagonsa ya ce, "Ƙanwata, ki yi wa yayarki magana. Jiya na dawo da bandeji a yatsa, ta gani, ba ta ce me ya same ni ba." Na yi mata magana, na ce ba ita ta yi ƙuri'ar ba. Ta ce ta sani. Ta ce amma fuskarta suka gani, ba ta Darakta ba, kuma da ba ta zauna a tabarmarsu ta sa sun buɗe mata cikinsu ba, da ba su sa rai ba.

Dokta ya zo har gida bayan ta ƙi amsa kiransa. Ya zauna a falo ya ƙi taɓa shayin da aka kawo masa. Ya ce ya samo tallafin komawa a ga yadda mutanen suke bayan ƙaura.

"Ka nemi wata, Dokta. Ni na gama shiga gidan mutane."

"Zan iya neman wata. Amma ki sani, a takardun ma'aikata wannan aiki ya yi nasara. An gina, an raba, babu wanda ya yi zanga-zanga. Kashi na biyu na tafe, kuma yadda aka yi na farko haka za a yi shi, sai in wani ya je ya ga abin da ya faru ya kawo shi a rubuce."

"Mun kawo a rubuce wancan karon."

"Mun kawo. Sun ɗauki rabi. Ban ce miki wannan karon za su ɗauki duka ba."

Ta ce ya ba ta lokaci. Sati na zagayowa ta ɗauki jakarta.

Komawar ta fi zuwan farko wuya nesa ba kusa ba. Wasu suna hango ta suke tura ƙofa. Wata mata ta ce mata a gaban jama'a, "Ga ta nan, mai daɗin baki, an dawo a sake sayar da mu." Wani magidanci ya ce ta je ta tambayi kabarin Baba. Goggo ta bar ta ta shiga, ta ba ta ruwa, amma ba ta ba ta fuska ba.

"Kin ce maganata za ta isa kunnensu."

"Ta isa, Goggo."

"To ta shiga ta nan ta fita ta can ke nan."

Yaya ba ta kare kanta ba. Ta ajiye rakodar a jaka, ta zauna. Kashegari ta dawo ta sake zama. Ta taya Goggo shanya, ta riƙe mata jika. A hankali aka fara yi mata magana, ba don an huce ba, sai don damuwar ta yi yawa kuma babu wani mai tambaya. Ta ga matan da suka bar aiki saboda babu mai riƙe musu yara. Ta ga gidaje a kulle, masu su sun ba da haya ko sun sayar a ɓoye sun koma bakin kogi sun kafa rumfunan kwano a kan kufan gidajensu.

Ta kuma ga wani abu da ba ta zata ba. A wani layi ta tarar da fuskokin da ta sani daga lungu guda, ƙofa da ƙofa, yara na shiga nan suna fita can. Ashe musanya suka yi. Wanda ƙuri'a ta kai gabas ya nemi wanda ke son gabas, suka yi canjin makulli ba tare da sanin ma'aikata ba. Dokar rabon ta hana hakan, har an fara liƙa wa wasu takardar gargaɗi cewa za a ƙwace gidan. Shi ya sa da farko kowa ya yi mata gum.

Nan hankalinta ya sake tashi. In ta kai labarin, tana iya jawo musu kora. In ta ɓoye, ta ɓoye abu mafi muhimmanci da ta gani. Ta yi kwanaki tana juya abin kafin ta gaya wa Dokta, kuma sai da ta sa ya yarda ba za a ambaci layi ko lambar gida ba, ko wa ya tambaya. Sannan ta koma ta gaya wa mutanen abin da za a rubuta, ta ce wanda bai yarda ba a cire maganarsa. Wasu suka ce a cire. Aka cire.

Abin da binciken ya nuna a fili yake. Iyalan da suka koma kusa da tsofaffin maƙwabtansu sun zauna, matansu na aiki, yaransu na zuwa makaranta. Waɗanda suka tsinci kansu cikin baƙi su ne suka fi komawa bakin ruwa. Wannan karon Dokta bai kai littafi mai kauri ba, 'yan shafuka ya kai, kuma bai nemi ɗakin taro ba. Shi da Yaya suka zauna da Darakta a ofishinsa, zama bayan zama, suna neman yadda za a yi. Da Yaya ta ba shi labarin Baba, Darakta ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi. A zama na ƙarshe shi ne ya ce, "To idan maƙwabta suka haɗa kansu da kansu, gida biyar ko shida, suka shiga ƙuri'ar da lamba ɗaya fa? Inda ta faɗa, su tafi tare. Ba ni na zaɓa musu wuri ba, ba ni na zaɓa musu juna ba."

Kafin shawarar ta bi ta tebur-tebur ta fito, an canja Babban Sakatare, an ƙwace gidajen wasu daga cikin masu musanya, damina kuma ta sake shiga rumfunan bakin kogi. Daga baya aka sanar a rediyo: an halatta musanya, kuma kashi na biyu za a yi shi da ƙuri'ar maƙwabta. Ba a ambaci cibiyar ba. Injiniya ya yi ta faɗa, ya ce an ci guminta ko na gode babu. Ita ko a jikinta. Ta ce ba sunanta ke damunta ba.

Ranar da aka fara kwashe kashi na biyu ta hau bas ta je, ba wanda ya gayyace ta. Ta tsaya a gefen titi tana kallon motocin kaya suna shigowa a jere, mata na sauke tukwane suna kiran juna da suna, wani tsoho a kan kujera an ajiye shi a inuwa ana ce masa ga ɗakinsa ga na wance. Ta ce ta ji sanyi a ranta, amma bai daɗe ba. Wata mata da ta sani ta dafa ta. Tana cikin 'yan kashin farko da suka sayar suka koma bakin kogi, ta zo taya 'yar'uwarta jere.

"Malama, mu fa?"

A wurin ma'aikata, duk wanda ya taɓa zaro lamba an gama da shi. Waɗanda suka koma ba sa cikin kashi na biyu, ba sa cikin na uku, kuma da an gama kwashe unguwar za a rushe duk abin da ya rage a bakin ruwan. Yaya ta san haka. Ba ta yi wa matar alkawarin komai ba.

Dokta ya rubuta neman tallafin bincike a kansu, har yanzu shiru. Ya kusa ritaya, cibiyar kuma ta fara komawa yin tambayoyi ta waya, an ce ya fi sauƙi. Yaya na zuwa ofis in an kira ta, in ba a kira ba tana gida. Likita ya ce ta rage yawo a rana. Duk da haka ranar Asabar takan shirya ta ce za ta gaida mutane, mu duka mun san inda za ta.

Makon jiya na raka ta. Rumfunan sun ƙaru, an jera buhunan yashi a bakin ƙofofi, hadari kuma ya fara haɗuwa ta gabas. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana gaisuwa, tana tambayar wa ya zo, wa ya tashi, yaran wa ke zuwa makaranta. A hanyar dawowa na ce mata, "Yaya, wa za ki kai wa duk wannan?"

"Ban sani ba tukuna," in ji ta. "Amma ranar da wani ya tambaya, gara a ce akwai wanda ya sani."

Bas ya zo a cike, muka tsaya jiran na baya.